Yadda Ake Ɗinka Bargon Ƙyallaye a Gida Ba Tare da Kin Takura Kanki Ba

Idan azumi ya shiga goman ƙarshe, leƙa shagon kowane tela a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ki dubi ƙasan kekensa. Ƙyallayen atamfa ne da shadda da yadi jibge, wani faɗin tafin hannu, wani ya kusa isa ɗankwalin yarinya. Da yamma yaron shago ya share ya kai bola, ko ya cinna musu wuta, ɗan abin da ya tsira yara mata su kwashe su yi wa 'yar tsana zani. Da waɗannan ƙyallayen ake ɗinka bargo mai nauyi wanda zai tare wa yaro sanyin Disamba da Janairu, kuma in an ɗinka shi da kyau ƙaninsa ma zai gada.

Masu farawa suna da yawa, masu gamawa ne kaɗan, kuma ba rashin iya ɗinki ne yake tsayar da su ba. Macen da ta iya kalmasar zani ko ɗinkin hula ta riga ta iya duk ɗinkin da bargo yake bukata. Abin da yake kashe aikin shi ne a fara da na gado mai faɗi, a yanka masa rana, sannan a riƙa kallon bidiyon Facebook inda wata take gama nata cikin minti biyar. Waccan an yanke mata awowin zama, tana da keken lantarki da tebur, ba ta kuma tashi ta yi talge ko ta kori akuya daga kan shanya. Ke da lokacin gidanki za ki yi aiki, shi ya sa zan riƙa faɗin yadda ake ɗinkin tare da lokacin da ya dace da kowane sashe.

Bargon hawa uku ne: fuskar da aka haɗa da ƙyallaye, abin da ke tsakiya mai riƙe ɗumi, sai bayan, a bi su da ɗinki ko ƙulli su zama abu guda. Ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Hausa. Lifidin da ake sa wa dawaki da mahayansu ranar hawan Sallah a Kano haka ake yin sa, yadi biyu da auduga a tsakani an bi da ɗinki layi-layi, kuma a zamanin yaƙi shi ne yake tare kibiya. A Bangaladash da gabashin Indiya mata suna jera tsofaffin zannuwansu su ɗinke da ƙananan ɗinki, suna kiransa kantha. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, mata baƙar fata jikokin bayi sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan gona don sanyi kawai. A 2002 aka rataye bargunansu a manyan gidajen baje kolin zane a Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan wayar Amurka ta buga hotunansu a jikin kan sarki, wato 'yar takardar da ake manna wa wasiƙa. Matan nan bayan sun dawo daga gonar auduga suke zama su ɗinka.

Tara ƙyalle da tace shi

Fara da telan unguwa. Kada ki jira sai ya share, ki aika tun kafin rububin Sallah ya kankama, a kai masa jaka ko buhun da aka wanke. Yaro ya je ya gaishe shi ya ce, "Malam, wai in ji Innata, don Allah in an yi yanka a riƙa zuba mata ragowar a nan." Mafi yawansu ba sa ƙi, domin an rage musu shara ne, amma in ya tara miki da yawa ki aika masa da ɗan goro ko fura, gobe ma rana ce. Ki tabbatar ragowar da masu kaya suka bari ce, domin akwai matan da suke cewa a mayar musu da ƙyallensu, kuma ba ki son wata ta shigo barka ta ga rabin hannun rigarta a kan gadonki. Sauran ki samo a cikin gida: zanin da tsakiyarsa ta mutu amma gefensa da ƙwari, rigar makarantar da ta yi wa yaro kaɗan, shaddar maigida da wuyanta ya cinye.

Sai tacewa, kuma a nan ake rage wahalar gaba. Ki ware na auduga daban, na roba daban. In kin yi shakka, zari ɗan siririn gefe ki kusanta shi da ashana a tsakar gida: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ni auduga nake zaɓa, tana shan guga, tana tsayawa inda aka ajiye ta, allura tana shige ta ba gardama. Atamfar roba tana da santsi, kuma bargon da za a yi amfani da shi kusa da kaskon wuta lokacin hunturu bai kamata ya zama mai narkewa ba. Leshi, da duk yadin da yake miƙewa in an ja shi, da mai duwatsu, ki ajiye su gefe. Tsohon zani kuma ki ja shi da hannu biyu, in ya yi ƙara zai yage to ya gama aiki, ya tafi tsumma.

Ki wanke komai kafin almakashi ya taɓa shi. Sabon yadin auduga yana ɗan tsukewa a wankin farko, in kin haɗa shi da tsoho ba wanki, ranar da bargon ya sha ruwa sai ya yamutse. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi ki jiƙa kowanne shi kaɗai a roba. Wanda ya ci gaba da zuba bayan ɗauraya uku, kada ya kusanci farin ƙyalle. Yadin da aka rina da baba irin na marinar Ƙofar Mata ko na Kura yana da kyau ƙwarai a bargo, amma shi ma sai ya sha ɗauraya sosai. In sun bushe ki bi su da dutsen guga. Wannan duka aikin rana ɗaya ne, ki haɗa shi da ranar wankin gida.

Girman da za ki fara da shi

Na jariri ko na ƙaramin yaro. Na san ido yana kan na gado, amma bari mu yi lissafi. Ki yanka kwali mai kauri, irin na kwalin taliya ko na sabulu, murabba'i inci 5 kowane gefe. Ɗinki zai ci rubu'in inci a kowane gefe, don haka kowane ƙyalle zai koma inci 4 da rabi a jikin bargo. Ƙyalle 8 a faɗi, layi 10 a tsawo, ƙyalle 80 ke nan, bargo inci 36 da 45, ya isa jariri har ya fara tafiya. Na mutum ɗaya, inci 54 da 72, ƙyalle 192 yake ci. Na gado, inci 72 da 90, ƙyalle 320. Ninki huɗu na na jariri ke nan, kuma wahalar juya shi a cinya ta fi ninki huɗu. Wadda ta gama ƙarami ta gan shi a jikin yaro tana samun ƙarfin yin babba. Wadda ta fara da babba, sau da yawa a layi na shida yake shiga ƙasan akwati.

Kada ki bari zane mai kusurwa uku ko mai tauraro ya ja ki a karon farko. Duk yankan da ya ratsa saƙar yadi a karkace yana miƙewa, sai gefe ya fi gefe, ki yi ta farkewa. Murabba'i sak, kuma ki ɗora kwalin daidai da yadda zaren saƙar yadin yake tafiya.

Yanka

Wannan shi ne sashen da yake son haske da natsuwa, kuma shi kaɗai ne ba na yarda a yi shi ana hira. Lokacinsa hantsi, bayan yara sun tafi makaranta an share gida, kafin a fara tunanin abincin rana. Ki shimfiɗa ƙyallen a kan abu mai tauri, bayan tire ko katako, bayansa yana kallonki, ki ɗora kwali ki zagaye da fensir ko alli, guntun sabulun wanka da ya sirance ma yana zana layi a kan yadi mai duhu. Biro yana zuba, ki bar shi. Almakashin ya zama mai kaifi, kuma ki ɓoye shi, domin ranar da yara suka yanka takarda ko kara da shi ya tashi daga aiki. Kwali kuma gefensa yana cinyewa, bayan ƙyalle talatin ko arba'in ki auna shi da tef, in ya ragu ki yanka sabo.

In da hannu za ki ɗinka, ki yanka kwali na biyu inci 4 da rabi, ki ɗora a tsakiyar kowane ƙyalle ki zana layin da allura za ta bi. Yana ƙara lokaci a yau, amma shi yake sa kusurwoyi su haɗu gobe. Rabin saurin wannan aiki daga rashin farkewa yake zuwa. Ɗinkin da kika yi cikin minti biyar, in ya karkace, farke shi da sake shi zai ci miki goma sha biyar.

Ƙyalle ashirin a zama ɗaya ya isa. Ki yanka 'yan ƙari biyar ko shida saboda wanda zai ɓaci.

Jerawa

Share ɗaki, shimfiɗa tabarma ko tsohon zanin gado, ki jera ƙyallayen 80 yadda za su kasance. Dabara mafi sauƙi ita ce mai haske kusa da mai duhu, a yi ta musaya, kada iri ɗaya biyu su haɗa kafaɗa. Ki tashi ki koma bakin ƙofa ki duba, ki ɗan runtse ido, inda duhu ya taru zai fito. In akwai waya ki ɗauki hoto, zai yi miki amfani ranar da mai rarrafe ya birkita komai. Kada ki wuce rabin awa kina sauya wuri, atamfa da atamfa ba sa faɗa yadda ake tsoro.

Sai ki tattara layi-layi, daga hagu zuwa dama, na farko a sama. Kowane layi ki soke shi da fil tare da 'yar takarda mai lamba, 1 zuwa 10. Daga nan aikin ya zama ƙunshi goma, kowanne zai shiga tafin hannu.

Gwangwanin ɗinki da guntayen lokaci

A nan ne maganar sauri take. Matar ƙauye ba ta da awa uku a jere, sai dai guntaye: tsakanin ɗora sanwa da tafasar ruwa, bayan azahar kafin yara su tafi Islamiyya, bayan la'asar a gindin bishiyar tsakar gida, zaman jiran niƙa, zaman asibiti ranar awo. In duk lokacin da kika samu minti goma sha biyar sai kin nemi allura a jikin labule, zare a cikin kwalla, almakashi a ɗakin abokiyar zama, kafin ki zauna ruwan ya tafasa.

Ki samu gwangwani mai murfi. A ciki: ƙunshin layi ɗaya kacal, zare, ƙaramin almakashi ko reza a cikin takardarta, da allurai huɗu ko biyar waɗanda kika riga kika zura wa zare da rana kika soke a jikin wani ƙyalle. Zura zare shi ne abin da yake gagara da yamma, musamman in ido ya fara gajiya, in kuma akwai yarinya mai kaifin ido a gidan wannan aikinta ne. Tsawon zaren kada ya wuce kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Dogon zare yana ruɗin mutum cewa zai rage zurawa, amma harɗewa yake yi yana ƙullewa, kuma yana sirancewa saboda yawan ratsa yadi.

Ɗauki ƙyalle na farko da na biyu, fuska da fuska, soke fil a kusurwoyin layin fensir, ƙulla zare, ki bi layin da ƙananan ɗinki a jere, kina ɗaukar uku ko huɗu a kan allura kafin ki ja. Bayan kowane ja ki koma baya ɗinki ɗaya, shi ne zai hana layin zarewa in zare ya tsinke wata rana. A ƙarshe ki koma baya sau biyu ki yanke. Buɗe, ɗauki na uku. Ɗinki bakwai ne suke haɗa layi mai ƙyalle 8. In an kira ki a tsakiya, soke allurar a inda kika tsaya, rufe gwangwani, ɗora shi inda hannun yaro ba ya kai. Kafin ki tashi daga kowane zama, ki haɗa ƙyalle biyu na gaba da fil, domin gobe hannu ya tarar da aiki a shirye.

Mai keke, Butterfly ne ko tsohon Singer, ita sai ta liƙa ɗan salatif a jikin farantin keken, rubu'in inci daga allura, gefen yadi ya riƙa bin sa. Ta jera ƙyallaye bibbiyu ta yi ta turawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta yanke zare ba, su fito a sarƙe, daga baya ta raba su. Fuskar bargon jariri tana iya haɗuwa a yini ɗaya a haka. Amma keke ba ya zuwa gidan suna, ba ya zama a gindin bishiya, kuma a gidan da keken na sana'a ne, bargo sai ya jira kayan mutane. Na ga masu ɗinkin hannu sun riga masu keke gamawa saboda wannan.

In layi ya haɗu, kwantar da haƙarƙarin ɗinkin, wato ragowar bakin yadin da ke tsaye ta baya, gefe ɗaya da dutsen guga, ko da farce in ba a hura gawayi ba. Layi na 1 su kwanta dama, na 2 hagu, na 3 dama. Idan kika zo haɗa layi da layi, sai mahaɗan su shige juna su zauna daram, babu tudu. Ki soke fil a kowace mahaɗa kafin ki fara. In wata kusurwa ta ɗan goce kaɗan, wuce. In gocewar ta kai faɗin ɗan yatsa, farke wannan wurin kaɗai.

Auna tafiyarki

A makon farko ki lura da abin da zama ɗaya yake ba ki, ba wanda kike fata ba. A ce layi ɗaya ne. To lissafin bargon jariri zai zama haka: yanka zama 4, haɗa ƙyallaye zama 10, haɗa layuka zama 9, jerawa da shimfiɗa hawa uku zama 2, ƙulli zama 4, kalmasar baki zama 4. Zama 33. Mai samun zama huɗu a mako za ta gama cikin kimanin wata biyu, mai samun biyu cikin wata huɗu. Dukansu bargo ɗaya za su samu. Amfanin lissafin shi ne in ana sa ran haihuwa a gidan ƙanwarki, kin san watan da za ki fara, ba ranar da aka aiko cewa ta sauka ba.

Shekara ma tana da nata tsari. Ƙyalle yana samuwa gab da Ƙaramar Sallah da Babba. Zafin Maris zuwa Mayu lokacin yanka ne da haɗa ƙananan ƙyallaye, babu mai son tulin yadi a cinya a watan Afrilu. Damina ta shigo, ga kai abinci gona, ga yara da zazzaɓi, in gwangwanin ya yi sati uku ba a buɗe ba, ba komai. Kaka ta fi kowane lokaci cinye mace, tsinkar gyaɗa, roron wake, sussuka da sheƙa, kada ki sa ran komai a Oktoba. Da an kai amfani rumbu sanyi ya fara saukowa, lokacin haɗa hawa uku ya yi, domin bargon da kike ɗinkawa shi ne yake rufe miki ƙafa.

Za a yi magana, wannan kam dole. Maƙwabciya za ta shigo ɗibar wuta ta ce, "Oh ni, har yanzu wannan tsumman kike fama da shi?" Ki ce, "Ana kai, Yaya," ki miƙa mata allura ta zura miki zare. Uwar miji kuma in ta ce, "Ke dai ba kya gajiya," ki tambaye ta ko tana da tsohon zanin da ba ta ɗaurawa, wanda ƙyallensa ya shiga bargo ba ya ƙara kushe shi. Babu wanda yake tambayar mai ɗinkin hula don me ba ta gama a kwana uku ba, kowa ya san hula mai kyau makonni take ci, wannan ma haka ne.

Jiki kuma yana da haƙƙi. Kada ki duƙa a kan aikin, ki jingina da bango ki ɗago shi da matashi a cinya. Bayan rabin awa ki miƙe, ki buɗe yatsu, ki kalli nesa. Ɗinkin dare da fitilar waya yana gajiyar da ido kuma layin yana karkacewa, in dole ne ki yi da fitilar sola mai haske, a kan ƙyalle mai haske, baƙi da shuɗi su jira rana. Lokacin hunturu fatar yatsu tana tsagewa ta riƙa kama zare. Ki shafa man kaɗanya ko basilin da dare in za ki kwanta, ba lokacin da za ki taɓa yadi ba, domin maiƙo yana barin tabo. Yatsan da yake tura allura ki naɗa masa ɗan guntun fata, dukawa suna da ragowa.

Ƙa'ida ɗaya nake riƙe da ita da ƙarfi: ba a yanka sabon bargo sai na hannu ya kai baki. Sabon ƙyalle in ya zo a wanke, a goge, a ajiye. Ɗokin farawa ya fi na gamawa daɗi, shi ya sa ake samun fuska uku a akwati babu bargo ko ɗaya a gado.

Tsakiya da baya

Bayan ya zama yadi guda, ya fi fuskar da inci 2 a kowane gefe. Zani ɗaya mai yadi 2 ya isa na jariri har da ragowa. Na mutum ɗaya sai an haɗa zani biyu. In saye za a yi, yadin auduga mai laushi mara tsada ake nema, ko a aika mai zuwa Kantin Kwari, ko a duba 'yan yadi ranar kasuwa, Juma'a a Wudil, Lahadi a Gujungu, Alhamis a Maigatari.

Tsakiyar tana da zaɓi, kuma zaɓin yana ƙara aiki ko ya rage shi. Mafi sauƙi tsohon bargo mara kauri ne da aka wanke, ko na gwanjo, ko tsofaffin zannuwa biyu a rufa. Su yadi ne, ba sa motsi, ƙulli kaɗan ya ishe su. Audugar gona ta fi ɗumi da laushi, amma sai an gurje ta babu gurya ko ɗaya, domin man guryar yana ɓata yadi kuma ɓera yana bin ta, a shiɓe ta, a shimfiɗa ta daidai, sannan a bi ta da ɗinki kusa-kusa, tsakanin layi da layi kada ya wuce inci 2. In ba haka ba wanki biyu za ta dunƙule a kusurwa. Audugar rimi ki bar wa matashi, santsi gare ta ba ta kama juna, kuma tana saurin kama wuta. Soso yana ruɓewa ya zama gari. A bargon farko, tsohon bargo ko zannuwa.

Wannan zaman yana son mutum biyu da ɗaki a share, yara a waje. Shimfiɗa bayan, fuskarsa tana kallon ƙasa, danne kusurwoyi da duwatsu masu tsabta ko kwanuka. Ɗora tsakiya, ɗora fuskar tana kallon sama, ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe har babu tattara. Sai ki zura farin zare mai tsawo ki yi manyan ɗinki na riƙo, kowanne tsawon yatsa, daga tsakiya zuwa kowane gefe, sannan layuka tsakaninsu tazarar tafin hannu. Daga baya za a zare su. Farin zare nake cewa domin mai launi yana iya barin shaida.

Ƙulli ko ɗinki

Ƙulli ya fi sauri. Zura zare mai kauri, ko zaren saƙa, a babbar allura, in hawan ya yi kauri basilla siririya ma tana yi. A kowace mahaɗar ƙyallaye huɗu ki soka har ƙasa, ki fito kusa da inda kika shiga, ki sake zagayawa, ki ƙulla sau biyu da ƙarfi, ki yanke ki bar ɗan wutsiya. Bargon jariri yana da irin wannan mahaɗa 63. Fara daga tsakiya. Na jariri wutsiyar ta zama gajeriya ƙwarai, babu maɓalli, babu dutsen ado, kuma kada ya yi nauyin da zai danne shi ko ya rufe masa fuska.

Ɗinki ya fi daɗewa kuma ya fi kyau. Ki bi gefen kowane layi da ɗinki a jere, yana ratsa hawa ukun, hannu ɗaya a ƙasa yana jin kan allura. Girman ɗinkin bai dame ni ba, daidaituwarsa ce abin kallo, manyan ɗinki masu tafiya daidai sun fi ƙanana masu tsalle. Ƙullin zaren ki ja shi ya shige cikin tsakiya ya ɓuya. Wannan hanya za ta ninka zaman ƙulli sau uku ko fiye, amma ita ce ta fi daɗin yi da hira, rediyo a gefe. A bargon farko ki yi ƙulli, na biyu ki gwada ɗinki.

Baki

Yanke tsakiyar daidai da fuskar, ki kula kada almakashi ya kama bayan. Bayan kuma ki rage shi ya saura inci 1 a kowane gefe. Ninka shi sau ɗaya gefensa ya taɓa gefen fuskar, sake ninkowa ya hau kanta, soke fil, ki bi da ɗinkin kalmasa ƙanana. A kusurwa ki fara lanƙwaso kan kusurwar ciki kafin ki ninko gefe biyun, za ta fito tsaf. Baki shi ne yake fara mutuwa domin shi ake ja, saboda haka zare biyu za ki sa. Gefe ɗaya a zama ɗaya. In kin gama ki zare farin zaren riƙo.

In wata ta gani ta ce a yi mata za ta biya, ki dakata tukuna. Ki tuna zama 33 ɗin nan, ki haɗa da kuɗin zare da baya da tsakiya, ki ga ko abin da za ta bayar ya kai. In kin yarda, kada ki karɓi kuɗi tun farko kuma kada ki sa rana, domin daga ranar da aka sa rana aike zai fara zuwa, zaman la'asar ya koma bashi. Gara ki ɗinka naki a natse, in ya kammala mai so ta taya.

Wankin farko a ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a babbar roba, a matsa da hannu ko a taka da ƙafa, ba murɗawa, ba bugu a kan dutse. Jiƙaƙƙen bargo yana da nauyi, in an rataye shi a igiya ɗaya yana jan ɗinkin, ki shanya shi a kan igiya biyu ko a kan tabarma mai tsabta, bayan yana kallon rana don kada launin fuskar ya koɗe. Sai ya bushe ƙayau har tsakiyarsa kafin a ninke. In sanyi ya wuce za a ajiye, ki naɗe shi a tsohon zani maimakon leda, ki sa busasshen ganyen darbejiya a tsakani, ki ɗora a kan akwati nesa da bangon ƙasa saboda gara, a tsakiyar damina kuma ki fito da shi ya sha rana yini ɗaya.